Yadda Ake Zama Likitan Haƙoran Yara, Daga Bakin Wadda Ta Sha Cizo

A ɗan yatsana manuni na hannun hagu akwai wani tabo mai siffar jinjirin wata. Wata yarinya 'yar shekara 4 ce ta yi min shi a watannina na farko na koyon aikin yara, kuma ba ta da laifi ko kaɗan. Na gama gaisawa da mahaifiyarta, na sa safar hannu, na ja takunkumi na rufe fuska, sai kawai na zura yatsa a bakinta ban ce mata uffan ba. Ita kuma ta yi abin da duk mai hankali zai yi idan baƙuwa mai rufaffiyar fuska ta kai masa hannu baki. Malamar da ke kula da ni ba ta yi faɗa ba. Sai da aka wanke min ciwon sannan ta ce, "Ke, tun da suka shigo da wa kika yi magana?" Da uwar na yi. Yarinyar ko sunanta ban tambaya ba.

Ɗalibai na yawan tambayata hanyar shiga wannan aiki, kuma abin da suke son ji shi ne shekara nawa, jarrabawa nawa. Zan faɗa maka, ƙanena, don yana da amfani. Amma ka riƙe labarin tabon nan, za mu dawo kansa.

Kafin ka cike kowace takarda

Nemi izini ka je ka zauna a ɗakin duba yara na mako guda, can a kusurwa, ba ka taɓa komai. Kada ka wahalar da kanka da leƙen haƙora, ba za ka gane abin da ake yi ba tukuna. Zuciyarka za ka saurara. Yaro na farko ya yi kuka, ka ji tausayi. Na biyu ma haka. To na bakwai fa, rana ta take, yunwa na cinka, uwa na yi masa tsawa, shi kuma ya toshe baki da hannu biyu? Idan abin da ya zo maka shi ne "a danne shi mana a gama", ba zan ce kai mugu ba ne, amma akwai rassan aikin haƙori da za su fi dacewa da kai: tiyatar muƙamuƙi, dashen haƙori, gyaran jijiyar haƙoran manya. Idan kuwa ka tsinci kanka kana cewa "me ya gani ya firgita haka?", to da alama an dace.

A sakandare ka riƙe bayoloji da kemistiri da fizis. Kemistirin nan da ɗalibai ke gudu shi ne gindin sana'ar. Babu wata tsutsa da ke cin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, irin su Streptococcus mutans, suke cin sukari su fitar da asid, kuma da zarar tsamin ya ƙaru har lambar pH, wato ma'aunin tsami, ta sauko wajen 5.5, farin ɓawon haƙori ya fara narkewa. Yawu ne ke dawo da ma'adinan da suka zube, idan an ba shi lokaci. Shi ya sa yawan lokutan da yaro ke shan zaƙi a wuni ya fi yawan zaƙin illa. Wanda ya gane wannan ya gane cutar da zai yi shekaru yana fama da ita.

Shekarun makaranta

Babu mai zama likitan haƙoran yara kai tsaye. Sai ka zama likitan haƙori na kowa da kowa tukuna, kuma tsawon hanyar ya danganta da ƙasar da kake. A Amurka ana yin digirin farko na shekara 4, a yi makarantar haƙori ta shekara 4, sannan ƙwarewa a kan yara ta aƙalla shekara 2. A Ingila ana shiga karatun haƙori na shekara 5 daga sakandare, a yi shekarar gwaji a ƙarƙashin kulawa, a ƙara gogewa a asibiti, sannan ƙwarewa ta shekara 3. Ko ta ina ka bi, ka sa a ranka wajen shekara 10, kuma ba ka taɓa bakin kowa da sunan likita sai hukumar ƙasar ta ba ka lasisi.

Shekarun farko karatu ne irin na sauran likitoci, har da zaman ɗakin gawa ana bin jijiyoyin kai da wuya ɗaya bayan ɗaya. Kada ka haddace su don jarrabawa kawai. Ranar da za ka yi allurar kashe zafi a bakin da bai wuce faɗin yatsu uku ba, su za su cece ka. Daga nan sai aikin hannu. Za a ba ka kaki ka sassaƙa haƙori da duk tudunsa da kwarinsa. Za a zaunar da kai gaban kan roba mai haƙoran roba ka yi ta fafa kana cikewa, malami ya zo da ma'auni ya ce ka zarce da rabin milimita, ka sake. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne madubi. Haƙoran sama ta ɗan madubin nan ake ganinsu, sai hannu ya koyi tafiya saɓanin abin da ido ke gani. Ni dabarar da ta fisshe ni ita ce, kowane dare in aje takarda gaban madubin ɗaki, in sa littafi ya tare min hannuna, in yi ta rubuta sunana da bin layukan zane ina kallon madubin kaɗai. Mako biyu kamar rubutun kaza, daga baya hannu ya faɗa.

Shawarata, bayan ka gama ka yi shekara ɗaya ko biyu kana duba manya kafin ka nemi gurbin ƙwarewa. Babba zai buɗe maka baki na minti 40 yana haƙuri. Yaro ɗan shekara 3 minti 10 zai ba ka, in ka yi sa'a. Saurin hannun da za ka buƙata a kan manya ake samunsa.

Lokacin zaɓen inda za ka ƙware, kada ginin ya ruɗe ka. Tambayi masu koyo a wurin: suna haɗe da asibitin yara? Suna shiga ɗakin tiyata su yi wa yaron da aka sa barci aiki da hannunsu, ko kallo kawai suke yi? Ana kiransu da dare idan an kawo yaro ya faɗi ya karya haƙori? Suna ganin masu farfaɗiya, masu sikila, masu ciwon zuciya, masu tsagaggen leɓe, masu lalurar ƙwaƙwalwa? Waɗannan yaran su ne ainihin dalilin da ya sa aka ware wannan fanni.

Bakin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Abin da za a fara cusa maka shi ne jadawalin fitowar haƙora, har ka iya kallon baki ka faɗi shekarun yaro. Na farko yakan ɓullo wajen wata 6, a gaba ta ƙasa. Kafin shekara 3 haƙoran nono sun cika 20. Wajen shekara 6 famfara ta fara, ta ci gaba har wajen 12, kuma a ƙarshe na dindindin za su kai 32. Akwai guda huɗu da nake ji da su fiye da sauran: turamen farko na dindindin, masu fitowa wajen shekara 6 can bayan haƙoran nono ba tare da wani ya faɗi ba. Tunda ba a ga giɓi ba, iyaye suna ɗauka na nono ne, a bar su su ruɓe da sunan "ai za su fita". Ba za su fita ba, su ne na har tsufa.

Wannan "ai zai fita" za ka ji ta kullum, don haka ka tanadi amsa tun yanzu. Haƙorin nono ɓawonsa siriri ne, jijiyarsa kuma babba, shi ya sa ɗan kogon da zai yi shekaru a bakin babba yake kai wa jijiyar yaro cikin watanni. Turmin nono na baya yakan zauna har wajen shekara 11 ko 12. Yaro ɗan shekara 4 ba zai jira shekara 7 da ciwo ba. In kuma an cire shi da wuri, maƙwabtansa su karkato su cinye gurbin, na dindindin ya zo bai samu wuri ba. Shi ya sa muke sa ɗan ƙarfe mai riƙe gurbi. Ni nakan nuna wa uwa hoton haƙori ta ga na dindindin kwance a ƙarƙashin ruɓaɓɓen, ga ƙurji a kusa da shi. Gani ya kori ji.

Magani kuwa da nauyin jiki ake lissafa shi. Ka auna yaro, ka yi lissafi a takarda, kada ka yi da ka. Kuma duk wanda ka yi wa allurar kashe zafi a muƙamuƙin ƙasa, ka ja kunnen uwar ta sa ido: leɓen da ya mutu abin wasa ne a wurin yaro, zai yi ta taunarsa, gobe a dawo maka da shi ya kumbura ana zargin allurarka.

Mu koma kan tabon

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manya da yawa da ke jure ciwon haƙori na shekaru don kada su zo wurinmu, in ka bincika, wani ne ya danne su suna yara. Saboda haka a zuwan farko ba haƙori nake nema ba. So nake yaron ya fita yana iya dawowa.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina fita in tare shi ba takunkumi, ba safar hannu. Ina durƙusawa idona ya zo daidai nasa, in tambayi sunansa daga bakinsa, in yaba takalminsa ko in tambaye shi wane ne wannan a jikin rigarsa. Sai bayan haka nake gaida uwar, kuma ban taɓa ganin wadda ta ji haushi ba. Sannan dabarar da wani likita mai suna Addelston ya rubuta tun 1959, wadda har yau ba a samu abin da ya fi ta ba: faɗa masa, nuna masa, sannan ka yi. "Wannan madubi ne, da shi zan ƙirga haƙoranka. Riƙe ka ga. Kawo in ƙirga yatsunka tukuna. Yauwa, yanzu buɗe min kamar zaki." Bututun tsotse yawu na kira shi hancin giwa, in bar shi ya shanye ruwan da ke cikin kofi a gaban yaron. Injin gogewa sai na fara ɗora shi a kan farcena, sannan nasa, sannan haƙori.

Ba na nuna allura, ba na kuma kiran sunanta. Nakan shafa man kashe zafi a dasashi in jira ya kama sosai, in ce zan sa wa haƙorin ruwan barci. Amma ba na cewa "ba za ka ji komai ba". Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma yaro sau ɗaya ake yi masa ita. Abin da nake cewa shi ne, "Za ka ji kamar an ɗan mintsine ka, zan ƙirga biyar ya wuce. In kana so in tsaya, ɗaga wannan hannun." In ya ɗaga kuwa sai in tsaya, ko da na san gwada ni yake yi. Yakan gwada sau biyu, in ya ga da gaske ne sai ya sake jiki.

Iyaye su ne rabin wahalar, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Uwa za ta shigo tana cewa "kar ka ji tsoro, ba zafi", alhali yaron bai san akwai abin tsoro ba sai da ta faɗa. Wani uban kuma ya saba cewa "in ba ka yi shiru ba zan kai ka likita ya yi maka allura", to ga shi yau ya cika alkawari. Nakan roƙe su a waje, cikin ladabi: "Mama, ki zauna inda zai gan ki, ki riƙe masa ƙafa in kina so, amma ki bar min maganar." Murya biyu a lokaci ɗaya tana rikita yaro. Jarirai kuwa ba a hawa da su kujera. Ni da uwar za mu zauna gwiwa da gwiwa, ta rungume shi yana fuskantarta, ta kwantar da kansa a cinyata. Zai yi kuka, kuma kukan ma taimako ne, don baki a buɗe yake.

Za a koya maka ma'aunin Frankl na 1962, na auna haɗin kan yaro, mai mataki 4, daga wanda ya ƙi sam zuwa wanda ke dariya a kujera. Ka riƙa rubuta shi a katin kowane yaro, tare da abin da ya yi aiki a kansa. Akwai kuma iskar nan mai sa dariya da ake shaƙa ta hanci, wadda Horace Wells ya fara gwadawa a aikin haƙori a 1844, a kansa ma aka gwada, aka cire masa haƙori. Tana kwantar da mai fargaba, ba ta juya wanda ya riga ya ƙi. Idan ɗan shekara 3 ya zo da haƙora goma a ruɓe, barcin tiyata a asibiti, tare da likitan sa barci, ya fi masa adalci fiye da zuwa takwas ana kokawa. Sanin lokacin da za ka aje kayan aiki ka ce "yau iyakarmu ke nan" ba gazawa ba ce. Na fi shekara biyu kafin in yarda da haka.

Koyi aikin da ba a fafa

A makaranta injin huda haƙori ne sarki. A wurin yara kuwa, duk abin da zai hana ka kunna shi ka koye shi da kyau. Wata likita a Sikotland, Norna Hall, ta riƙa kifa wa ruɓaɓɓen turmin nono hular ƙarfe ba allura ba fafa; ƙwayoyin cutar da aka toshe wa hanyar abinci sai su tsaya. Da farko an ɗauka ganganci ne, yanzu da sunanta ake kiran dabarar. Jo Frencken, ɗan ƙasar Holan, ya ɓullo a Tanzaniya a shekarun 1980 da hanyar kankare ruɓa da kayan hannu a cike, ba wutar lantarki. Akwai ruwan azurfa da fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori) mai ƙarfin kashi 38 cikin 100, ɗigo ɗaya a shafa ya tsayar da kogo, sai dai yana baƙanta wurin har abada. Ka nuna wa iyaye hoto kafin ka shafa, musamman a haƙoran gaba, in ba haka ba za ka ga ɓacin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na tilas a 2021. Ita ce kuma ta ce a rahotonta na 2022 yara miliyan 514 ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Ba yawan likitocin da zai cike wannan da inji.

Shi ya sa rabin wunina magana ce. A kawo yaro kafin ya cika shekara 1. Kada a kwantar da shi da bulumboti mai madara ko abin zaƙi a baki, domin yawu yana raguwa cikin barci, haƙoran gaba na sama su jiƙu cikin sukari har safe. A fara gogewa daga haƙorin farko, sau biyu a rana, da man da ke da fuloraid: ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa kafin shekara 3, ɗan fiye da haka daga 3 zuwa 6. A tofar, kada a kurkure. Babba ne zai goge masa, don wanda bai iya ɗaure igiyar takalmi ba bai iya wanke turmin baya ba.

Ka kuma haddace amsar kiran gaggawa, don za a kira ka kana tsakiyar cin abinci. Haƙorin dindindin ya fice gaba ɗaya: a ɗauke shi ta kai, ba ta saiwa ba, kada a kankare, in da datti a ɗauraye shi kaɗan a mai da shi raminsa nan take, in ba a iya ba a jefa shi cikin madara a taho. In ya wuce awa guda a bushe, sai dai abin da Allah ya yi. Na nono kuwa ba a mai da shi, don kada a ji wa na dindindin da ke ƙarƙashinsa ciwo.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Wani lokaci ciwon da ke fuskar yaro bai yi daidai da labarin da aka ba ka ba. Ka san dokar ƙasarka kan kai rahoto kafin ranar ta zo, ka rubuta abin da ka gani daidai yadda ka gan shi.

Abin da kake yi bayan an rufe ɗaki

A wurin tantance masu neman gurbin karatu sukan tambayi abin da kake yi na nishaɗi. Ba hira ba ce, hannunka da haƙurinka suke aunawa. Ni ɗinkin hannu nake yi tun ina ƙarama, kuma ranar da na fara ɗinke tsagaggen leɓen yaro na gode wa wadda ta koya min zare allura. Cikin abokan aikina akwai mai zane, akwai mai gyaran agogo, akwai wanda ya koyi ɓatar da ƙwallo cikin tafin hannu, kuma wallahi yara sun fi buɗe masa baki fiye da kowa a cikinmu. Ka kuma riƙa leƙa abin da yara ke kallo a talabijin, ko da yana gundurarka. Sanin sunan wanda ke jikin rigar yaro yakan rage maka minti biyar na lallashi.

Sai jikinka. Wannan aiki wuya da baya yake ci, ga shi ƙaramin majiyyaci ba ya zama inda ka aje shi, kai ne ke binsa kana lanƙwashewa. Sayi tabarau mai ƙara girman abu tun kana ɗalibi, gyara tsayin kujerarka kafin kowane yaro, kada ka jira sai hannu ya fara mutuwa da dare kamar yadda na yi. Likitan ƙashi ne ya tura ni iyo, na je ina gunaguni. Yanzu sau uku a mako nake zuwa, minti 40, kuma ban faɗa masa ba amma ba don bayan kaɗai nake komawa ba: wuni guda ina magana da ƙaramar murya ina kiran bututu hancin giwa, a ƙarƙashin ruwa kuwa ba mai kuka, ba mai tambayata ko zai yi zafi.